Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Daraktan UNESCO: A Zaunar Da Masana Shari'a Tun Ran Gini

Mai girma Babban Darakta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto muku wannan wasiƙa ne a kan wani giɓi da nake ganin yana ƙara faɗi tsakanin masu binciken kimiyya da masu binciken shari'a. Sashe na 27 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta 1948 ya tabbatar wa kowane mutum haƙƙin cin moriyar ci gaban kimiyya, kuma sashe na 15 na yarjejeniyar 1966 kan haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa da al'adu ya sake jaddada shi. Abin da nake gani shi ne, wannan haƙƙi yana zama a kan takarda kawai, saboda sai an gama bincike an fito da sakamako sannan ake neman masana shari'a, a lokacin da duk abin da za su faɗa ya zama ihu bayan hari.

Bari na fara da ilimin halittu, domin a nan ne lamarin ya fi taɓa mini zuciya. A shekarar 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka wallafa aikinsu kan CRISPR, hanyar da ake yanka ƙwayar gado a daidai wurin da ake so a gyara ta. Shekara shida kacal bayan haka, wani mai bincike a ƙasar Sin, He Jiankui, ya sanar da haihuwar tagwayen da ya sauya wa ƙwayoyin gado tun kafin a sanya su cikin mahaifa, duniya kuma ta farga cewa dokokin ƙasashe da yawa ba su shirya wa irin wannan rana ba. An yanke masa ɗaurin shekara uku, amma ɗauri bai mayar da abin da aka riga aka yi wa yaran ba. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, maganin farko da aka gina a kan wannan fasaha, wanda ke magance cutar sikila. Na yi murna ƙwarai da wannan labari, sai dai murnar ta koma ciki da aka bayyana kuɗinsa a Amurka, dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya, alhali mafi yawan masu fama da cutar suna Afirka kudu da Sahara da Indiya. A tsawon waɗannan shekaru, babban aikin da lauyoyi suka yi a kan CRISPR shi ne jayayyar mallakar ƙirƙirar tsakanin Jami'ar Kaliforniya da Cibiyar bincike ta Broad da ke Amurka. Da an kashe rabin wannan ƙoƙari wajen tsara lasisin da zai kai maganin ga marasa ƙarfi, da yanzu wata magana ake yi.

Haka abin yake a batun bayanan ƙwayoyin halitta. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 an tsara ta ne da tunanin cewa mai bincike zai ɗauki ganye ko ƙasa ko ƙwayar cuta ya tsallaka iyaka da ita, saboda haka sai ya nemi izini ya kuma raba amfanin da masu ita. Yau jerin haruffan ƙwayar gadon kawai ake ɗorawa a intanet, kowa ya sauke daga inda yake, kuma manhajar AlphaFold ta riga ta hasko siffar furotin fiye da miliyan 200 daga irin waɗannan haruffa. Sai a 2024 aka amince da kafa asusun Cali domin kamfanonin da ke cin riba daga waɗannan bayanai su riƙa zuba wani kaso, shi ma ba tilas ba ne. Mun kuma ga abin da ya faru a Nuwamban 2021, lokacin da masu bincike a Botswana da Afirka ta Kudu suka gano nau'in Omicron na cutar korona suka sanar da duniya ba tare da ɓata lokaci ba, aka saka wa ƙasashensu da rufe musu hanyoyin jiragen sama. Duk ƙasar da ta kalli wannan sakayya za ta yi tunani sau biyu kafin ta bayyana abin da ta gano a gaba.

Ba na ɗora laifin a kan masana kimiyya kaɗai, domin su ma kotuna suna yanke hukunci da lissafin da ba su fahimta ba. A Ingila a 1999 an ɗaure wata uwa bisa zargin kashe jariranta biyu, bayan wani likita ya shaida wa kotu cewa yiwuwar mutuwar fuju'a sau biyu a gida irin nata ɗaya ce cikin miliyan 73. Ya samo adadin ne ta hanyar ninka yiwuwar mutuwa ɗaya da kanta, kamar babu abin da ya haɗa mutuwar farko da ta biyu, alhali 'yan'uwa suna tarayya a jini da muhalli. Sai a 2003 aka soke hukuncin. A Ostareliya kuma wata uwa ta yi shekara ashirin a kurkuku bisa irin wannan zargi kafin binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa 'ya'yanta mata biyu suna ɗauke da wani sauyi da ke iya tsayar da zuciya, aka sake ta a 2023. Abin lura a wannan shari'a ta biyu shi ne, Cibiyar Kimiyya ta ƙasar ta zauna a matsayin mai ba kwamitin da ya sake binciken hukuncin shawara, wato an haɗa teburin da ya kamata a haɗa tun farko.

Akwai wani ƙalubalen lissafi da ke tafe wanda har yanzu muna da sauran lokaci a kansa. Tsaron bankuna da sa hannun da ake yi ta kwamfuta sun dogara ne a kan wahalar wasu matsalolin lissafi, kamar rarraba babbar lamba zuwa lambobin da aka ninka aka same ta. Tun 1994 Peter Shor ya nuna cewa kwamfutar kwantam (wani sabon nau'in kwamfuta da ake ƙoƙarin ƙerawa) mai isasshen ƙarfi za ta warware wannan cikin sauƙi, kuma a Agustan 2024 hukumar ma'auni ta Amurka ta fitar da sababbin ƙa'idoji uku na kulle bayanai domin tarar wannan rana. Masana lissafi sun yi nasu. Matsayin kwangilolin da aka sa wa hannu da tsohuwar hanya, da alhakin wanda ya ajiye sirrin mutane bai sauya makulli ba, tambayoyi ne da ke jiran masana shari'a. A sararin samaniya ma, yarjejeniyar 1967 ce ke aiki har yau, alhali dubban taurarin ɗan Adam na kamfanoni suna ratsa hotunan da masu nazarin taurari ke ɗauka suna ɓata su.

Mai girma, na zaɓi rubuto muku ne saboda hukumarku ta taɓa nuna yadda ake yin abin daidai. A ƙarƙashin inuwar UNESCO aka yi tarurrukan da suka haifi CERN, cibiyar binciken ƙwayar zarra ta Turai, a 1954, kuma tun a takardar kafa ta aka rubuta cewa ba za ta yi aikin soja ba, sakamakon bincikenta kuma za a bayyana shi ga kowa. Wannan tarbiyya ce ta sa a Afrilun 1993 cibiyar ta sa hannu a takardar da ta sakar wa duniya fasahar yanar gizo kyauta. Masu aikin karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam su ma sun yi irin wannan a Bamuda a 1996, inda suka amince a riƙa sakin bayanai cikin awa 24.

Roƙona shi ne, duk shirin bincike da UNESCO ke ɗaukar nauyinsa ko take sa wa albarka, a ware masa kaso na binciken shari'a tun daga takardar neman kuɗi, a kuma fayyace wanda zai mallaki sakamakon da yadda zai isa ga mabuƙata kafin a fara gwaji. Ina kuma roƙon a faɗaɗa irin horon da cibiyar ilimin fiziks ta ICTP da ke Trieste a Italiya ke bai wa matasan masana daga ƙasashe masu tasowa tun 1964, ya haɗa da alƙalai da malaman shari'a, su koyi karanta ƙididdiga da shaidar ƙwayoyin gado. Shawarar UNESCO kan buɗaɗɗiyar kimiyya, wato buɗe sakamakon bincike ga kowa, da ƙasashe 193 suka amince da ita a 2021 ta ba ku madogara, kuma shekaru goman kimiyya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana daga 2024 zuwa 2033, ta damƙa muku jagorancinsu, sun ba ku lokacin aiwatarwa. Ina fatan rahoton da ƙasashe za su kawo muku a gaba kan wannan shawara zai ƙunshi tambaya a kan yawan shirye-shiryen bincikensu da masana shari'a ke ciki tun ranar farko.

Ku huta lafiya. Wassalam.