A Bar Wa Katako Wurin Motsi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A taimaka mini da ɗan fili, ina da magana da kafintocinmu da masu ƴan aikace-aikace a gida.

Ni mai gyaran keken ɗinki ne, a zauren gidana nake aiki. Shekara da shekaru ina fama da abu guda: sai na kwance keke, ɗan sukuru kamar ƙwayar gero ya gangara ya faɗa tsakanin tebur da bango. In ka ga dattijo ya rarrafa ƙarƙashin tebur da cocila a baki, to ni ne. Daga ƙarshe na sa aka yanko mini siririn katako, tsayi santimita 10, kauri santimita 2, aka tsayar da shi a bayan teburin a jikin bango, kamar ƴar katanga.

A watan Agusta aka yi aikin, tsakiyar damina. Yaron da ya zo, Allah ya shi masa, bai yi ha'inci ba, ƙwazo ne ya yi masa yawa. Ya buga ƙusa ta kama bango, ya buga wata ta kama teburin, ya bi da gam. Ya ce, "Baba, wannan ko jikokinka." Janairu na kamawa, hunturu ya busa, wata safiya na tarar da tsaga a tsakiyar tebur, tana cin kan ashana.

Abin da ba a faɗa wa yaran nan shi ne katako ko an yanke shi bai daina motsi ba. Da damina ya sha laima ya kumbura, da rani ya bushe ya tsuke. Kuma ta faɗi yake yin haka, tsawonsa kusan bai canzawa. Teburina faɗinsa santimita 60 ne, na auna na ga ya ragu da kusan milimita 5. Gaba a ɗaure, baya a ɗaure, ina zai je? Dole ya tsage. Mu nan Maradi abin ya fi muni, don katakon yawanci daga kudancin Najeriya yake shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, da sauran ɗanyensa, ya zo ya tarar da iskar da ke fasa leɓe.

Da na sake aikin, wuri guda na ɗaure katangar: a bango kaɗai, ta zauna bisa teburin ba gam ba ƙusa, shi kuma ya riƙa zamewa a ƙarƙashinta. Da yake rani ne, na bar tazarar milimita 5 tsakanin tebur da bango saboda kumburin damina, kaurin katangar ya rufe ta. Wanda bangonsa na laka ne, bai riƙe sukuru, sai ya ɗaure ta a teburin ta ƙasa, ya ƙyale bangon. Kafin a kafa kuma a shafe ta da mai ko fenti ciki da baya, har gefen da ido bai gani, don ta nan laima ke shiga, hasali ma ta nan take fara sallama.

Roƙona ga manyan kafintoci, in yaro ya zo koyo, a nuna masa wannan tun kafin a ba shi guduma. Tsagar nan na cike ta da garin katako da gam, amma har yau nan allura take maƙale mini.

Naku,
Mai gyaran keken ɗinki,
Unguwar Zariya, Maradi