Wasiƙa daga Tudun Wada

Tudun Wada, Zariya.

Ƙawata,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ruwan Fatakwal? Mu nan hunturu ya sauka sosai. Ki gaida min maigidan.

Albishirinki, na fara koyar da zane. Duk Asabar bayan la'asar mata goma sha biyu ke haɗuwa a tsakar gidan Yaya: malaman makaranta, masu ɗinki, har da wata Hajiya mai jikoki. Da na ɗauka shekarun da muka yi a sashen zane na jami'ar Ahmadu Bello a Samaru sun wadatar. Ashe iya zane daban, koyar da shi daban.

Ranar farko na buɗe da tarihi, ina ba su labarin yadda su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958. Kafin in kai ƙarshe, fentin akirilik da na zuba musu a faranti ya bushe ƙamas, iska ta shanye shi. Yanzu kaɗan-kaɗan nake zubawa, ina yayyafa ruwa. Launi biyar kawai nake saye: ja, shuɗi, ruwan ɗorawa, fari da baƙi. Da kin ga murnarsu ranar da shuɗi da ɗorawa suka ba su kore!

Wasu sun ce ba za su zana mai rai ba, na kuma girmama hakan. Muka koma kan Dutsen Kufena, Ƙofar Doka, da dagi irin na bangon gidajen cikin birni.

Abin da ya fi yi min wuya shi ne kame hannuna. Hajiya ta shafe Kufena da ja. Na karɓi burushinta zan gyara, sai ta dube ni ta ce, "'Yata, haka nake ganinsa da magariba tun ina amarya." Wallahi jikina ya yi sanyi. Na mayar mata da abinta. Tun ranar, a kan kwalina nake nunawa, ba na taɓa na kowa sai an kira ni. Hira ma na daina hana su, don na lura mai tsoron farar takarda sai ana hira hannunta ke sakewa.

Hajiya ta ba ni zanen nata, yana rataye a ɗakina. In kin zo da ƙaramar Sallah, ki ware mana Asabar guda, na ajiye miki burushi.

Taki har kullum,
Ƙawarki ta Samaru.