Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga ɗan'uwan da ya tambaye ni kan manhaja da babbar tawaga

Assalamu alaikum ɗan'uwa.

Ka tambaye ni a bainar jama'a cewa wannan salon rubuta manhaja da ake gina komai a kan "abu" (ƙunshin bayanai tare da ayyukan da ake yi da su) da "aji" (tsarin da ake fitar da abubuwa iri ɗaya daga gare shi), irin na harsunan kwamfuta Java da C++ da Smalltalk, da daɗi idan mutum biyar ne ke aiki, to shin zai ɗauki mutum ɗari biyu? Ranar ban ba ka amsa mai gamsarwa ba, abin ya tsaya mini a rai.

Zai ɗauka, amma ba shi kaɗai ba. Matsalar babbar tawaga ta mutane ce kafin ta zama ta kwamfuta. Masanin kwamfuta Fred Brooks ya yi wannan lissafi tun 1975: mutum 10 suna da hanyoyin magana 45 a tsakaninsu, mutum 50 kuwa 1,225. Amfanin wannan salo shi ne ya rage yawan maganar. Kowane abu ya ɓoye cikinsa, ya bar ƙofa ɗaya da za a riƙa bi. Wani masanin, David Parnas, ya bayyana wannan tunani na ɓoye bayani a 1972, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan lamarin.

Inda ake samun tangarɗa shi ne gado, wato wani aji ya gaji halayen wani. Na taɓa aiki a wani wuri da muke da aji guda na asusu, tawagogi daban-daban duk sun gada daga gare shi. Wata rana abokin aikinmu ya gyara layi ɗaya a yadda ajin ke cike ragowar lissafi. Gwajinsa duk ya wuce lafiya, ya tafi gida hankali kwance. Washegari rahoton wata tawaga, wadda bai ma san tana dogara da shi ba, ya fito da alƙaluma da suka saɓa. Mun kwana biyu muna bin sawu. Har yau ba na ganin laifinsa, domin gadon ya huda katangar da ya kamata ta raba mu, babu wanda ya lura.

Kayan aikin da ake rubuta manhajar da su ma suna da tasiri. A Smalltalk, wanda aka ƙirƙira a cibiyar bincike ta Xerox PARC, duk shirinka yana zaune a raye cikin "hoto" guda, wato fayil ɗaya da ke riƙe da shirin da duk halin da yake ciki, kana gyara shi yana gudana. Ga mutum ɗaya abin sha'awa ne ƙwarai. Amma haɗa hotunan mutum talatin aiki ne ja, sai da aka ƙera kayan aiki irin ENVY domin haka. Java, da ta fito a 1995, tana ajiye ajujuwa a fayilolin rubutu na yau da kullum, masu sauƙin kwatantawa da haɗawa, balle da Git, manhajar bin sawun canje-canje da haɗa su, ya zo a 2005.

Masanin kwamfuta Melvin Conway ya lura a 1968 cewa fasalin manhaja yakan bi fasalin sadarwar waɗanda suka gina ta. Shi ya sa ni yanzu ba na yarda wata tawaga ta gaji ajin wata. A cikin tawaga ɗaya, ku yi gadonku. Da zarar an tsallaka iyaka, sai dai a bi ta ƙofar da aka rubuta, aka amince, aka sa mata gwaji. Idan aka kawo mini sabon aji, kafin na karanta layi ɗaya nakan tambayi wa ke da shi, kuma wa za a kira idan ya lalace da tsakar dare.

Na gode da tambayarka. Wassalam.