Wasiƙa Zuwa ga Iyaye: Aikin Hutun Darasin Tarihi

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara.

Bayan gaisuwa, muna sanar da ku aikin hutun da aka ba 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare, don sai da hannunku zai yiwu. Kowane ɗalibi zai zaɓi mutum ɗaya cikin magabatansa, kakan baba ko kakar inna, ya ja layi a tsakiyar kwali. A dama ya rubuta rayuwar mutumin: haihuwa, saukar Alƙur'ani, aure, fatauci, aikin Hajji, rasuwa. A hagu kuma abin da ƙasa ke ciki a lokacin.

Mun san za a ce mutanen da can ba su da takardar haihuwa. Gaskiya ne, amma lissafi bai ɓace musu ba, da aukuwa suke ƙirga shekaru. Idan tsohuwa ta ce an yaye mahaifinta shekarar Kakalaba, to yunwar 1913 zuwa 1914 take nufi, yaro sai ya rage shekara biyu ya sami haihuwar. Wanda aka haifa a lokacin bai ga shigar Turawa Kano a 1903 ba, kuma ya tarar jirgin ƙasa ya riga ya iso tun 1911. Amma yana ɗan saurayi jirgin sama ya fara sauka a Kano a 1925, shekara ɗaya kafin Abdullahi Bayero ya hau karaga. Sa'anninsa ne aka ɗiba soja zuwa ƙasar Bama (Burma) a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya ga samun 'yancin kai a 1960 da furfura, in kuma Allah ya ja kwanansa, ya riƙe naira da kwabo a 1973 bayan ya saba da fam da sule.

A tambayi tsofaffi cikin natsuwa, bayan la'asar ko bayan isha'i. Tambayar "wace shekara?" ba ta kai yaro ko'ina. Gara ya ce, "Kaka, wane sarki ne a kan gado da aka kai ki ɗaki? An kashe Sardauna ko tukuna?" Nan da nan za a gane ko kafin Janairun 1966 ne ko bayanta.

Roƙonmu biyu ne. Kada a cika wa yaro gurbi da ƙiyasi a ce masa tabbas ne. Kusan kowane gida akwai kakan da ake cewa ya haura ɗari, kwalin zai nuna ko hakan ne. Inda babu tabbas a rubuta "wajajen". Sannan abin da iyali ba sa so ya fita waje, a bar shi a gida, ba za a rage wa kowa maki ba. Yaron da ba shi da tsoho a kusa yana iya tambayar wani dattijo a unguwa.

Za a karɓi aikin a makon farko na komawa, a kuma liƙa kwalayen a ɗakin taro ranar taron iyaye da malamai.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya yi wa zuri'a albarka.

Wassalam,
Shugaban Makaranta