Ga abokan cinikinmu masu babur: ku fito da kayan fata kafin hunturu ya kankama

Assalamu alaikum. Muna gaishe ku, 'yan kabu-kabu da 'yan kasuwa masu bin hanyar Illela da Tambuwal da Wurno, da ma'aikatan da ke sammakon ofis a kan babur. Ruwa ya ɗauke, kaka ta shigo. Nan da 'yan makonni, daga watan Nuwamba, iskar hunturu za ta fara kaɗawa, kowa ya tuna da rigarsa ta fata da safar hannu da ya jefa cikin akwati tun watan Maris.

A nan matsalar take. Duk shekara sai sanyi ya kama sosai sannan ake tururuwa shagonmu da riguna, wasu sun yi fumfuna, wasu sun bushe ƙamas. Ku sani, rigar nan ta sha zafin bazara, lokacin da ma'aunin zafi kan haura 40 a Sakkwato, sannan ta sha laimar watan Agusta. Man jikinta ya ƙare. In aka saka ta haka aka shiga busasshiyar iska da ƙura, gwiwar hannu da kafaɗa ne za su fara tsagewa, kuma fatar da ta tsage ba mai da zai haɗe ta. Sai dai faci.

Ku fito da ita yau, ku kaɗe a tsakar gida. In akwai fumfuna, a jiƙa tsumma da ruwan khal (vinegar) da aka sirka rabi da rabi da ruwa, a goge. Wuya da bakin hannu su suka fi buƙatar kulawa, domin gishirin zufa a nan yake taruwa yana cin fata a hankali. Ɗan sabulu mai laushi ya isa. Kada a tsoma ta cikin bokiti, kada omo ko fetur ko kananzir ya taɓa ta. A rataye a inuwa inda iska ke wucewa har ta sha iska da kanta.

Maganar inuwar nan ba wasa ba ce. Bara wani matashi ɗan kabu-kabu ya shigo da safar hannu da mu muka ɗinka masa. Ruwa ya dake shi, shi kuma ya ɗora ta a kan salansar babur ɗinsa don ta bushe da wuri. Ya ajiye ta a kan tebur, ta ƙanƙance ta murɗe kamar kilishi, yatsa ɗaya ma ba ya shiga. Ya ce, "Baba, ko za a iya jiƙa ta ta dawo?" Mai gidanmu ya juya ta sau biyu, ya ce, "Yaro, wannan ai ka gasa ta." Sai sabuwa muka yanka masa.

Bayan ta bushe sai a ba ta mai. Mu man kaɗanya muke amfani da shi, wani lokaci da ɗan kakin zuma a narke tare. A lakato kaɗan da yatsa, a murza a tafin hannu ya narke, a shafa sama-sama, a bar ta ta kwana, da safe a goge da busasshen tsumma. A fara gwadawa a gefen da ba a gani, don yana ɗan duhunta launi. Fatar gida, irin jar akuyar Sakkwato da majema ke jemewa da bagaruwa, tana shan mai sosai, har za ka iya maimaita mata. Ita ce fa wadda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, Turawa suka sa mata suna fatar Maroko. Rigunan da ake shigowa da su daga waje kuwa yawanci da sinadari aka jeme su, kaɗan suke sha, in ka cika sai su yi danƙo su kwashi ƙura. Tafin safar hannu kada a labta masa mai, kar hannu ya zame a kan totur ko birki.

Baƙin man inji da wasu ke shafawa, don Allah a daina. Man gyaɗa ma yana tsami ya yi wari.

Sai ɗinki. Sau da yawa zare ne ke ruɓewa fata tana nan da ƙarfinta, kuma in Allah ya ƙaddara faɗuwa, wurin ɗinkin ne zai buɗe. Ku ja kafaɗa da hammata da tsakanin yatsu ku gani. Zif mai cijewa a goga masa kyandir. Rigar da ke saɓulewa kamar ɓawon albasa kuwa roba ce, kada ku ɓarnatar da manku a kanta.

Wanda ba shi da lokaci ya kawo mana yanzu, tun aiki bai yi yawa ba. Dubawa kyauta ne. In akwai gyara, za mu faɗa maka kuɗin kafin mu sa allura.

Allah ya kiyaye hanya.

Naku,
Dukawan shagonku, Sakkwato