Wasiƙa daga bakin teku

Mutumina,

Salamu alaikum. Na san ka ƙullace ni, wata huɗu ko gaisuwa ban aiko ba. Laifina ne, na ɗauka. Ya iyali? Ya jikin ƙanwarmu? Akwai tambayar da nake son yi maka, amma bari in fara amayar da abin da ke cikina.

Makon jiya ina San Diyego ta Amurka, wajen taron fasahar halittu. Kwana huɗu ina zagaye rumfunan kamfanoni da kati rataye a wuya, har ƙafafuna suka kumbura. Rabin taron ciniki ne, masu jari na farautar masu bincike. Zama ɗaya ne ya tsaya mini a rai, wanda aka yi kan sikila.

Ka ji labarin Casgevy, maganin sikila? Birtaniya ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba. Da fasahar CRISPR, ta gyaran ƙwayoyin gado, aka yi shi, wadda ta jawo wa Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier kyautar Nobel a 2020. Jariri yana zuwa duniya da wani nau'in sinadarin jini da ba ya lanƙwashewa, bayan haihuwa sai wata ƙwayar gado, BCL11A, ta kashe masa fitila. To, likitoci sai su ɗebo ƙwayoyin ɓargon mai ciwon, su taɓa wannan makunnin, su mayar masa, jinin jarirantaka ya dawo aiki. Wallahi ina zaune tsigar jikina ta tashi, daren nan da muka kwana a barandar asibiti kawai nake gani. Sai aka zo kan kuɗi: dala miliyan 2.2, mutum ɗaya. Kuma kafin a mayar da ƙwayoyin sai an ƙone tsohon ɓargon da magani irin na masu kansa, a yi makonni a kwance, haihuwa ma tana iya gagara daga baya. Na ɗaga hannu zan tambayi wa aka yi wa maganin, lokaci ya ƙare. Ƙila gara haka, da muryata ta ba ni kunya.

Washegari su dogo suka ja ni La Hoya wai in huce, hawan igiyar ruwa. Ni! Kai ma kar ka yi dariya, na tuna ranar kwalekwale. Ruwan Fasifik a nan sanyi ƙarara, daga arewa yake gangarowa, dole a sa rigar roba mai matse mutum kamar bashi. Na sa tawa gaba a baya, zif ɗin a ƙirji, sai da wani yaro ya nuna mini. Aka ɗaura mini igiyar allon da ake hawa a idon sawu, aka ce in riƙa jan ƙafa a cikin yashi, saboda wani kifi mai faɗi da ƙaya a wutsiya yana kwanciya a wurin. Awa biyu ina shan gishiri. Sau ɗaya na miƙe, daƙiƙa uku, dogo ya rantse biyu ne. Shi da ya cika mu da baki a mota, allo ne ya fasa masa leɓe. Af, ka san ya fasa auren nan? Sai mun yi waya, ba ta rubutu ba ce.

Da za mu koma muka wuce ta Cibiyar Salk, ta mutumin da ya samo rigakafin shan inna a 1955. Nan maganar maganin sikilar ta sake taso mini, har muka isa masauki ban ce uffan ba.

Kar ka gaya wa ƙanwarmu tukuna. Ban san yadda ake faɗa wa mutum an samo maganin ciwonsa, sannan a faɗi kuɗin ba. In kana ganin a faɗa mata, mu yi tare.

Kafaɗata har yanzu ba ta ɗaguwa. Ka gaida Hajiya.

Naka,
wanda ya sha teku