Wai motar shekarar karshe ce tafi karko? Dillalai aji tsoron Allah

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a bani dan fili inyi magana akan wani zance da ya cika bakin dillalan mota anan Kumasi, wai in zaka sayi hom yus, wato motar da aka yi amfani da ita a kasar waje aka shigo da ita, ka nemi ta shekarar karshe kafin kamfani ya canza bodi, ita ce bata bada wahala. Da wannan zancen suke dora ma mutane kudi, kuma 'yan uwanmu na Aboabo da Asawase suna biya ba ko tambaya.

Ban ce karya bane gaba daya. Kamfani yana jin koken mutane yana gyara abinda ya lalace shekara bayan shekara. Amma mu dauki Camry ta 2007 zuwa 2011 da kowa ya sani, masu injin 2.4 na 2007 zuwa 2009 sunyi suna wajen shan man inji saboda matsalar fistin da ring, duk wani babban makanike a Suame Magazine, unguwar makanikai da masu kayan mota ta Kumasi, zai gaya maka, sai a 2010 Toyota ta sa injin 2.5 abin ya lafa. To kaga canjin inji ne ya kawo saukin, kuma ta 2010 da ta 2011 injinsu daya, me zai sa in kara sidi masu yawa don kawai ance min wannan itace autar su?

Sannan ga Hyundai Sonata ta 2011 zuwa 2014. A 2015 kamfanin ya kira masu na 2011 da 2012 a Amurka su dawo dasu a gyara saboda injin yana bugawa, a 2017 ya dawo ya hada da na 2013 da 2014. Autar ma bata tsira ba.

Abinda yafi damuna shine motocin dake sauka a tashar jirgin ruwa ta Tema da yawansu daga gwanjo aka kwaso su, wata tayi hatsari wata ambaliya ta shanye ta, a kawo a mike bodi a fesa fenti tana kyalli, a juya mita baya, kai kuma kana can kana lissafin shekara. Motar da ta kwana cikin ruwa ko ta wace shekara ce waya zata dinga baka ciwon kai, yau gilas yaki sauka gobe fitilar dashbod ta kama. Wasu ma ta 2007 ce ake canza mata fitilu da bamba a sayar maka a matsayin ta 2011, wallahi wannan cin amana ne.

Mai saye ya duba lambar shasi, guda 17 ne, na goma shi ke fadin shekara a motocin Amurka, 7 na nufin 2007, A 2010, B 2011. Ya sa yaro mai waya ya binciko tarihinta a intanet, ya tafi da makanikensa ba na dillali ba, a daga kafet a shinshina, a leka karkashi, a sa mata na'urar gano matsalar mota. Ya kuma zaga Magazine ya tambayi kudin giya da injinta tun kafin ya biya, don akwai motar da sai an aika Abossey Okai a Accra kafin a samu kayanta.

Nagode, Allah ya kara ma jarida daukaka.

Naku,
Mai sayar da kayan mota, Suame, Kumasi